Hannun Da Salahuddeen Bai Karɓa Ba

Akwatunan lefen suna jere a tsakar gida, a gindin darbejiya, daidai wurin da aka sauke su ranar da aka kawo su. Waccan ranar da guɗa aka shigo da su. Yau kuwa babu mai ɗaga ido ya kalli ɗan'uwansa.

Mu'minat tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta riƙe labule da hannu biyu. Baffa Alu, ƙanin mahaifinta, shi ne yake zagaya akwatunan yana nuna su da sandarsa.

"A ɗaure su da igiya. Gobe da safe ni da kaina zan kai musu Tarai. Ko allura ba za ta rage a gidan nan ba."

"Baffa, don girman Allah..."

"Rufe min baki! Ke har kina da bakin magana? Ubanki aka wulaƙanta a gaban duniya, amma ke kukan akwati kike yi."

Ta saki labulen, ta zame ƙasa ta zauna.

Abin ya faru ne ranar Asabar. Alhaji Ishiyaku, yayan mahaifinta da ke sana'ar hatsi a cikin birnin Kano, ya rasu bayan zazzaɓi da sarƙewar numfashi na 'yan kwanaki. Lokacin ne ake ta binne dattawa a birni, kullum rediyo sai sanarwar rasuwa, gwamnati ta sa dokar kulle saboda korona, makarantu duk an rufe, har firamaren da Mu'minat take koyarwa. A can aka yi jana'izarsa, amma a nan Rurum Tsohon Gari aka yi zaman makoki, domin a nan mahaifiyarsa Iya take, a nan kuma ƙaninsa Malam Dalhatu, mahaifin Mu'minat, yake da makarantarsa da jama'arsa.

Mutane suka taho daga Dawaki, daga cikin Rano, har daga Kibiya. Tabarmi suka cika ƙofar gida har bakin hanya.

Ana cikin haka Salahuddeen ya iso a kan babur ɗinsa. Ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyensu Tarai, kuma shi ne aka sa wa rana da Mu'minat bayan ƙaramar salla. Fuskarsa sanye da takunkumi. Ya tsaya a bakin tabarma ya yi ta'aziyya cikin ladabi. Malam Dalhatu, da ya ga surukinsa, ya yunƙura ya miƙa masa hannu.

Salahuddeen ya ja da baya, ya ɗora nasa hannun a ƙirji.

Hannun Malam ya tsaya a iska, jama'a suna kallo. Salahuddeen bai tsaya nan ba, sai ya ƙara da cewa, "Malam, don Allah a sallami mutanen nan. Taron nan hatsari ne."

Wani daga baya ya yi dariya. Malam Dalhatu ya mayar da hannunsa cikin riga a hankali, kuma daga ranar bai ƙara ambaton sunan Salahuddeen ba.

* * *

"Umma, ki yi masa magana mana. Ke kaɗai yake sauraro."

Umma tana tankaɗen gero, ba ta ɗago ba. Idanunta sun yi ja.

"Na yi, 'yar nan. Na yi har sau biyu. Ya ce min shi bai ƙi yaron ba, yaron ne ya ƙi shi."

"Wallahi ba haka ba ne. Kin san halinsa, Umma. Mutumin da ko inuwar Baba ba ya takawa?"

"To me ya hana shi ya kira Malam gefe? Sai a gaban almajiransa na da, a gaban limamai? Ke ba ki ji abin da ake faɗa a gari ba. Ana cewa ɗan Fulanin Tarai ya ce gidan Malam Dalhatu gidan annoba ne. Ana cewa su ma'aikatan nan biyansu ake yi su rubuta sunayen mutane a cikin masu korona."

"Ke ma kin yarda da wannan, Umma?"

Umma ta ajiye rariyar. Ta dubi ƙofar ɗakin Iya, inda mata 'yan gaisuwa suka cika ciki har takalmansu sun tare hanya, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ni ban san me zan yarda da shi ba. Abin da na sani, Baffanki Alu ya riga ya fara wata magana. Ya ce marigayi ya taɓa roƙon Malam ke, don Haliru."

Mu'minat ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi.

Haliru shi ne babban ɗan marigayin. Shi ya yi jinyar uban, shi ya tallafe kansa har rai ya fita, shi ya shiga wankan gawa. Washegari ya biyo hanyoyin ƙauye a kan babur don kauce wa shingen jami'ai, ya iso Rurum. Tun da ya zo yake zaune kusa da Malam, yana karɓar hannun kowa, yana ci kwano ɗaya da dattawa, kuma kullum sai ya shiga wajen Iya ta rungume shi tana kukan ɗanta.

"Baba ya amsa?" ta tambaya.

"Ya ce shi ba zai yi miki dole ba. Amma ya ce wancan dai, ki cire rai."

* * *

Da hantsi wayarta ta yi ƙara. Ta ga sunan Salahuddeen, ta zari hijabi ta fita ta ƙofar baya, inda garkarsu take.

Yana tsaye can ƙetaren shingen kara, ya jingina babur da bishiyar tsamiya. Rana ta fara zafi, iska ko kaɗan babu. Da ta nufo shi sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya daga nan, Mu'mina. Kada ki ƙaraso."

Ta tsaya. Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Ni ma? Ni ma ka guje ni, Salahuddeen?"

"Ke ce ma wadda zan fi gudu."

"Ka san an ɗaure akwatunanka? Ka san gobe Baffa Alu zai kai su gidanku? Me Baba ya yi maka? Tun kana zuwa da rigar makaranta yake sa a shimfiɗa maka tabarma a zaure. Da 'yan'uwansa suka ce ba a san asalinku ba, shi ya tsaya ya ce addini ya duba. Hannu kawai ya miƙo maka. Hannu! Ko gaisawa ka yi ka je ka wanke da sabulu, da me za ka rasa?"

Ya sunkuyar da kai. Ko ta saman takunkumin ana ganin yadda idanunsa suka faɗa.

"Ba hannunsa na ji tsoro ba, Mu'mina. Nawa na ji wa tsoro."

Ta ƙura masa ido, ya ci gaba.

"Da safen ranar aka kawo mana wani tsoho daga rugar da ke bayan Tarai. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Ni na riƙe shi, ni na goge masa baki, ya yi ta tari a jikina. Safar hannu ta ƙare mana tuni. Na yi wanka, na sake kaya, na ce ba zan zo ba. Sai na tuna idan ban zo ba za a ce suruki bai yi gaisuwa ba. Na zo, na ga Malam ya miƙo hannu, ga shi da ciwon suga, ga shekaru. Kaina ya kulle. Ban san lokacin da na ja baya ba."

"Tsohon fa?"

"Ya rasu washegari."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta dafe shingen. "To me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa ba ka ce, Malam, ga dalili?"

"In ce a gaban jama'a na taɓa mai cutar? Da an watse da gudu, da an ƙaurace wa rugar nan, ba mai sayen nononsu, ba mai yi musu salla. Na yi kuskure a yadda na yi maganar, na sani. Na kira Malam ya fi a ƙirga, ba ya ɗauka. Amma maganar da na faɗa, ko yau aka mayar da ni wurin zan sake faɗa."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Gara a ce ke matar wani ce kina raye, da a ce..."

"Kada ka ƙarasa! Wallahi kada ka ƙarasa." Ta toshe kunnuwanta tana kuka. "Kai abin da sauƙi yake a wajenka. Ni ce zan zauna da wanda ba na so. Ni ce zan riƙa jin ƙarar babur ina leƙawa."

"Babu sauƙi, Mu'mina. Rabona da barcin kirki tun ranar." Muryarsa ta karye, ya dakata har ta dawo. "Ki saurare ni, ba ni da lokaci. Ki ajiye buta da sabulu a ƙofar gida. Ki hana mata cika ɗakin Iya, ko za su zage ki. A daina haɗa kwano da moɗa. Sannan Haliru. Na san me ake cewa game da ku, kuma na san idan na yi maganarsa za a ce kishi ne. A ce. Shi ya yi jinyar mahaifinsa. Ki lura da shi. Idan ya fara zazzaɓi, ko tari, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, kada ki jira izinin kowa."

"Kai kuma fa?"

"Na ware kaina a ɗakin waje. Ƙanwata Hafsa ce take ajiye min abinci a bakin ƙofa."

Ya hau babur ɗin. Ta tsaya tana kallonsa har ya ɓace a bayan duwatsu, sannan ta goge fuska ta koma ciki.

* * *

Ta ajiye buta da sabulu kamar yadda ya ce. Mata suna wucewa suna taɓe baki. Wata gwaggonta daga Dawaki ta ce, "Lallai amarya ta ɗauki karatun ango, sai dai ango ya tafi." Aka yi dariya. Babu wadda ta wanke hannu sai Umma.

Bayan la'asar aka ce Haliru yana sallama da ita a zaure.

Tun kafin ta shiga ƙamshin turare ya buge ta, mai ƙarfi har yana hawa kai. Yana zaune a kan tabarma, ya jingina da bango, hularsa a gwiwa. Ta zauna can bakin ƙofa.

"Yaya Haliru, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ƙanwata. Matso mana, ko ni ma dodo ne?"

"Nan ma ya isa."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Haliru ba mugu ba ne. Tun suna yara shi yake kawo mata alawa daga birni, kuma yau da ta dube shi, maraya ta gani, wanda bai gama gane abin da ya same shi ba.

"Na san ba ni ne a ranki ba," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Alhaji yana sonki, yana ta maganarki har a kwanakinsa na ƙarshe. Ni yanzu ba ni da kowa sai Baffa Malam. Idan kika karɓe ni, wallahi ba za ki yi da-na-sani ba."

"Yaya, turaren nan bai yi maka yawa ba?"

Ya shinshina hannun rigarsa, ya girgiza kai.

"Na jabu ne aka sayar min. Na kusa juye rabin kwalba, ko alama ba na ji. Komai ma ya lalace kwanan nan. Abincin rana da aka kawo mana, kamar ana tauna kara. Ki gaya wa Umma a riƙa sa gishiri."

Mu'minat ce ta dafa miyar. Ta san yawan gishiri da barkonon da ta zuba.

Sai a lokacin ta lura da gumin da ke tsatstsafowa a goshinsa, da yadda yake yanke magana yana jan numfashi. Ya buɗe baki zai ci gaba, tari ya sarƙe shi, busasshe, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ya daɗe yana yi. Da ya lafa ya ɗago jajayen idanu.

"Ƙurar hanya ce."

"Yaya Haliru, haka na Alhaji ya fara?"

Ya ƙura wa tabarma ido.

"Kada ki gaya wa kowa," ya ce daga ƙarshe, a hankali. "Don Allah, Mu'minat. Za su zo da mota su ɗauke ni. Wanda aka kai wurin killace masu cutar ba a ganin gawarsa ma. Ki rufa min asiri, ni ɗan'uwanki ne."

"Yau da safe ka shiga wajen Iya?"

Ya rufe fuska da hularsa.

* * *

Malam Dalhatu yana ɗakinsa shi kaɗai, a kan buzu, carbi a hannu. Ta yi sallama ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Idan maganar yaron nan ce, tashi ki tafi."

"Ba ita ba ce, Baba. Yaya Haliru ba shi da lafiya. Irin ciwon Baffa Alhaji ne."

Carbin ya tsaya.

"Wa ya gaya miki? Shi wancan ɗin?"

"Idona ne ya gani. Yana zaure yanzu, ka je ka ji tarinsa. Baba, ka mayar da lefen, ban ce komai ba. Ka hana ni wanda nake so, zan yi kuka in haƙura, kai ka haife ni. Amma gobe addu'ar bakwai. Mutanen da za su zo sun fi na ranar Asabar. Duk za su gaisa da Yaya Haliru, su koma gidajensu, wajen tsofaffinsu. Kai ka koya mana abin da addini ya ce idan annoba ta sauka a gari. A bakinka na fara ji."

"Karatu za ki yi min?"

"A'a, Baba. Tsoro nake ji."

Ya kawar da kai. Ta ga yadda gemunsa yake motsi.

"Kina tsammanin ban sani ba?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ranar da aka bugo min waya na sani. Amma yayana ne. Ban ga gawarsa ba, ban yi masa salla ba, ban zuba masa ƙasa ba. Zaman nan shi kaɗai ya rage da zan yi masa. Mutum ya taso daga Kibiya a cikin ranar nan, in tare shi a ƙofa in ce koma? Sai yaron nan ya zo ya faɗa min a gaban kowa abin da nake ɓoye wa kaina."

"Da safen ranar ya riƙe wani tsoho mai ciwon, Baba. Tsohon ya rasu. Kai yake ji wa tsoro."

Malam ya juyo ya dube ta. Ya buɗe baki zai yi magana.

Daga can cikin gida, ta wajen ɗakin Iya, suka ji tari. Siriri ne, na tsohuwa, amma busasshe. Ya tsaya, ya sake dawowa. Sai muryar Umma tana cewa, "Sannu Iya, sannu. A kawo ruwa!"

Malam Dalhatu ya miƙe da saurin da Mu'minat ta daɗe ba ta ga ya yi ba. Ya fita tsakar gida babu takalmi.

"Alu! Je ka naɗe tabarmin nan duka. Ka aika Dawaki da Kibiya, ka sa a faɗa a masallaci, babu taro gobe. Kowa ya yi addu'a a ɗakinsa."

"Yaya, me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Matan da ke ɗakin Iya su fito, kowacce ta tafi gida ta zauna, kada ta shiga gidan kowa. Haliru ya tsaya a zaure, a rufe ƙofar waje. Kai ma daga yau ba ka fita, ka ci kwano ɗaya da shi, ni ma na ci."

Baffa Alu ya dubi akwatunan, ya dubi yayansa, bakinsa a buɗe.

Malam ya waiwayo wajen 'yarsa. Fuskarsa babu walwala.

"Kira shi. Ki ce ma'aikacin lafiya nake nema. Sauran maganar ba yau ba."

Ta danna lambar. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira. Rana ta yi ja a bayan darbejiya, mata suna fita ɗaya bayan ɗaya suna jan mayafi zuwa hanci, babu mai dariya yanzu.

A kira na uku aka ɗauka.

"Salahuddeen, Baba ya ce..."

"Anti Mu'minat, Hafsa ce." Ƙanwar tasa kuka take yi, maganarta tana tsinkewa. "Tun da ya dawo daga wajenki jikinsa ya rikice. Ya faɗi a ƙofar ɗaki, ya hana kowa ya taɓa shi. Shi da kansa ya kira jami'an lafiya. Yanzun nan motar ta tafi da shi Kano, ko wayar bai ɗauka ba."

Mu'minat ta sauke wayar daga kunnenta a hankali.

"Me ya ce?" Malam ya tambaya. "Yana tafe?"

Ta dubi mahaifinta. A bayansa Umma ta fito daga ɗakin Iya da moɗa a hannu, tana jiran amsa ita ma. A zaure Haliru ya sake fashewa da tari.

"Ba zai zo ba, Baba," ta ce. Ta kama bakin hijabinta ta ɗaure hancinta da bakinta, ta miƙa wa Umma hannu. "Ba ni moɗar, ki koma ɗaki. Ni zan zauna da Iya."